Zauren Iyaye: Wace Sakandaren Gwamnati Za Mu Kai Yaro?

 

A watan nan maganar makaranta za mu yi. Yaran da suka gama aji 6 na firamare suna jiran shiga sakandare, waɗanda suka rubuta jarrabawar aji 3 na ƙaramar sakandare kuma suna jiran wucewa babba. Duk inda mutum ya zauna, ko a bakin majami'a bayan sujada, ko a kasuwa, ko wurin injin niƙa, tambayar ɗaya ce: wace makaranta ce ta fi kyau? Mai hali ba ya damuwa ƙwarai, gama yana iya kai ɗansa makarantar kuɗi a Kaduna ko Jos ko Abuja. Amma a wajenmu na kudancin Jihar Kaduna, tun da cutar citta ta lalata gonaki a Jaba da Kachia da Kagarko a 2023, a shekarar da aka janye tallafin man fetur kuɗin mota ya hau, gidaje da yawa ba su da wata hanya sai makarantar gwamnati. Makarantun gwamnatin nan kuwa sunansu ɗaya, kayan makarantarsu kusan iri ɗaya, amma abin da ke cikinsu dabam dabam ne. Shekara 6 na ƙuruciyar yaro ba ƙaramin abu ba ne da za a zuba a inda ba za a girbe kome ba.

Yadda muka zo nan

Tun da 'yan mishan na SIM suka sauka a Kwoi a 1910, majami'a da makaranta tare suke tafiya a ƙasarmu. Cikin shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan da yawa, har ta sauya wa waɗansu suna. A 1976 aka buɗe shirin UPE, yara suka cika firamare maƙil. A 1982 aka soma tsarin 6-3-3-4, watau aka raba sakandare gida biyu, ƙarama da babba. Sa'an nan dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na fari kyauta ne, tilas ne kuma. Duk waɗannan abin godiya ne, gama yanzu ɗan talaka yana samun sakandare kusa da gida. Amma fa makarantu sun yi ta ƙaruwa fiye da yadda malamai suke ƙaruwa, shi ya sa a ƙaramar hukuma guda za ka sami makarantar da ake karatu sosai, ka kuma sami wadda yara ke zuwa shan inuwar mangwaro kawai.

In ka duba, yawancin ƙananan hukumominmu suna da makaranta iri uku. Akwai ta cikin gari, a hedkwatar ƙaramar hukuma, wadda ta fi yawan malamai domin kowa yana so ya zauna kusa da hanya da kasuwa, amma ajinta cike yake har taga. Akwai ta ƙauye, ta jeka-ka-dawo, wadda sau da yawa jama'a ne suka gina da aikin gayya kafin gwamnati ta karɓa. Yaranta kaɗan ne, malamanta ma kaɗan. Akwai kuma tsohuwar makarantar kwana mai suna, wadda manyan mutane suka fito daga cikinta, iyaye suna ta ɗokin kai 'ya'yansu. Kowace tana da ƙarfinta, tana da rauninta. Bari mu ɗauki ma'auni mu auna.

Ma'auni na fari: malami cikin aji

Sa'ad da annabi Sama'ila ya je gidan Yesse don ya zaɓi sarki, tsayin Eliyab da kyan surarsa ne suka fara ɗauke masa hankali, sai da Ubangiji ya tsawata masa. Haka mu ma fenti da sabon kwano da babbar ƙofa suke ɗauke mana hankali. Gini mai kyau abin so ne, amma gini ba ya koyar da yaro. Zuwa da kai ya fi aike. Ka zaɓi ranar Talata ko Laraba, ka je makarantar wajen ƙarfe 10 na safe ba tare da ka aika kana zuwa ba. Ka gai da shugaban makaranta da ladabi, ka nemi izini ka zaga. Sa'an nan ka ƙirga aji nawa ne malami yake ciki yana koyarwa, aji nawa ne kuma yara ke surutu ko wani ɗalibi yana kwafe musu rubutu a allo. In ka koma ranar kasuwar garin ka sake ƙirgawa, za ka san gaskiyar makarantar fiye da duk abin da za a gaya maka.

Kada ka tsaya a kan jimlar malamai kawai. Makaranta tana iya samun malamai 20, amma babu ko ɗaya na Lissafi ko na Fiziks. Ka tambaya: wa ke koyar da Turanci, wa ke koyar da Lissafi, shekara nawa suka yi a nan? A cikinsu nawa ne ma'aikatan gwamnati na dindindin, nawa ne masu yi wa ƙasa hidima, nawa ne kuma ƙungiyar iyaye da malamai ke biyansu? Masu yi wa ƙasa hidima suna taimako ƙwarai, waɗansunsu ma sun fi kowa himma, amma shekara guda kaɗai suke yi su tafi. Makarantar da duk darussan kimiyyarta suna hannunsu, kowace shekara sabon farawa take yi.

Ka duba yawan yara a aji kuma. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 40 a sakandare. In yara 90 ne a aji, malami kuwa ya ba su aiki, yana duba kowane littafi cikin minti 2, sai ya yi sa'a 3 kafin ya gama aji guda. Malamin da ke da aji huɗu irin wannan ba zai ba da aiki ba, ko ya ba da ba zai duba ba. A nan ne makarantar ƙauye takan fi ta cikin gari, in dai tana da malamanta.

Akwai wani gwaji mai sauƙi wanda ko uwar da ba ta yi boko ba tana iya yi. Ki roƙi ɗan maƙwabta da ke makarantar ya kawo miki littafinsa na Lissafi da na Turanci. Ki buɗe ki ga ko akwai jan biro na malami a ciki, ki sa a karanta miki kwanan watan da ke bisa kowane shafi. In zango ya kusa ƙarewa shafi biyar kaɗai aka rubuta, babu jan biro ko ɗaya, to, kin sami amsarki.

Ma'auni na biyu: sakamakon jarrabawa

A nan ne iyaye suka fi ruɗuwa. Sai ka ji an ce, makarantar can kowa ci yake yi. Bari mu fahimci yadda abin yake. A jarrabawar WAEC da ta NECO, daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 wucewa ce kawai, F9 kuwa faɗuwa. Awon da WAEC take yi in za ta sanar da sakamako shi ne yara nawa suka sami kiredit 5 har da Turanci da Lissafi. A 2024, wajen kashi 72 cikin 100 ne suka sami haka a Nijeriya duka. A 2024 ɗin kuma an riƙe sakamakon yara fiye da 215,000, kusan kashi 12 cikin 100 ke nan, saboda zargin maguɗi.

Don haka in shugaban makaranta ya nuna maka sakamako, ka yi tambaya biyu. Ta fari: yara nawa suka shiga aji 1 na babbar sakandare, nawa kuma suka kai ga rubuta jarrabawar? Mu ɗauka a misali, wata makaranta ta soma da yara 120, guda 40 suka rubuta, 36 suka ci. Za ta ce kashi 90 cikin 100 sun ci, ba ta yi ƙarya ba. Wata kuma ta soma da yara 100, guda 90 suka rubuta, 54 suka ci, watau kashi 60. Da jin haka kowa zai ce ta farin ta fi. Amma ka lissafta daga ranar da yaran suka shiga: ta farin 30 cikin 100 ta fitar, ta biyun kuwa 54. Sauran yaran ta farin ina suka tafi? Ɗanka yana iya zama cikinsu.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi. In ka tarar aji 2 na babbar sakandare yara 30 ne, amma aji 3 yara 200, da baƙin fuskoki daga birni waɗanda ba a ganinsu sai lokacin jarrabawa, to, ka yi hattara. Mun san irin wuraren nan da ake kira cibiyar mu'ujiza, mun kuma san cewa lungunan ƙauye ake nema domin masu sa ido ba su cika zuwa ba. Mu masu bi mun san mu'ujiza ta gaskiya, wannan kuwa sunanta sata. Uban da ya biya kuɗi a rubuta wa ɗansa amsa a allo, da wane baki zai hana shi ɗaukar kajin mutane? Ban da zunubin, asarar ma tana nan. WAEC takan riƙe sakamako, takan soke shi, takan kuma janye amincewa daga makaranta, har marar laifi ya sha tare da mai laifi. Wanda ya tsira kuma, jarrabawar JAMB tana jiransa, wadda tun 2015 a gaban kwamfuta ake rubuta ta. Yaro mai A1 a Turanci wanda ba ya iya rubuta wa kawunsa wasiƙa, ramin ƙarya ƙurarre ne, ba zai yi nisa ba. C6 na gumin yaro ya fi masa albarka.

Hanyar da ta fi tabbaci ita ce ka bi sawun waɗanda suka gama. A ikkilisiyarku akwai samari da 'yan mata da suka fito daga kowace makarantar nan shekara uku ko huɗu da suka wuce. Su wa suka sami shiga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ko makarantar koyon aikin jinya, ko jami'a, suka kuma iya tsayawa a can? Wane ne in an ba shi karatun Littafi Mai Tsarki ran Lahadi yakan karanta sumul, wane ne kuma yake ta tuntuɓe? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ma'auni na uku: kayan aiki

In yaronka kimiyya yake so, ka ce a buɗe maka ɗakin gwaje-gwaje ka gani da idonka. A jarrabawar Fiziks da Kimistiri da Bayoloji akwai sashen da ake yi da hannu. Akwai makarantun da ɗakin yana nan da suna a ƙofa, amma ciki buhunan masara ne ko karyayyun bencina, yara ba su taɓa kayan gwaji ba sai ranar jarrabawa. Ka duba ko akwai ƙura a kan kwalaben, ka tambayi ɗalibi ɗaya gwajin da suka yi na ƙarshe. Ka tambayi kwamfuta kuma, da wutar da za ta kunna ta. Sa'an nan ka zaga baya ka ga rijiya ko famfo, ka ga makewayi. Iyaye maza sukan manta da wannan, amma uwaye sun san dalilin da ke sa budurwa ta ƙi zuwa makaranta kwana uku ko huɗu kowane wata in babu makewayi mai ƙofa da ruwa. Kwanakin nan in an tara su shekara guda, darussa ne masu yawa suka wuce ta.

Ma'auni na huɗu: nisa da tsaro

Makarantar da take kilomita 6 daga gida, yaro zai taka kilomita 12 kowace rana, 60 a mako. Zai isa a gajiye bayan an yi darasin fari, wanda sau da yawa Lissafi ne ko Turanci. Da damina kuma in rafi ya kawo, sai zaman gida. Waɗansu iyaye sukan kama wa yaro ɗaki a gari ya zauna shi kaɗai, yana dafa wa kansa abinci. Ina roƙonku da babbar murya, kada ku yi wa yarinya 'yar shekara 13 haka. Fastoci da shugabannin zumuntar mata sun san yawan hawayen da ɗakunan hayan nan suka jawo. In tilas ne ta yi nisa da gida, a nemi gidan ɗan'uwa ko na dattijon ikkilisiya wanda matarsa za ta riƙe ta kamar 'yar cikinta, ku kuma ku riƙa aika hatsi, kuna leƙawa.

Maganar tsaro ba sai an tuna wa mutanen Kaduna ba. A Yulin 2021 aka kwashe ɗaliban makarantar Bethel Baptist daga ɗakin kwana da dare. A Maris 2024 kuma aka kwashe yaran makarantar gwamnati ta Kuriga da safe. Watau makarantar kwana ba ta tsira ba, ta jeka-ka-dawo ma haka. Ka duba ko makarantar tana cikin mutane ko tana bakin daji ita kaɗai, ko akwai shinge da mai gadi, ko waya tana kamawa a wurin, ko malamai suna kwana a harabar tare da yara. Muna dogara ga Ubangiji mai tsaronmu, amma Nehemiya ma da ya yi addu'a sai da ya sa masu tsaro a kan garu.

Ma'auni na biyar: tarbiyya

Makarantar gwamnati ta kowa ce, Kirista da Musulmi, wannan kuwa yana da amfaninsa, gama a nan yaro yake koyon zama da maƙwabci cikin salama. Hakkinka ne ka tambaya ko akwai malamin Ilimin Addinin Kirista, ko kuma ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, tana taruwa a makarantar, da malamin da ke lura da ita. Ka tsaya a bakin hanya sa'ad da aka tashi, ka ga yadda yaran suke fita, ka ji irin maganar da ke bakinsu. A makarantar kwana ka bincika yadda manyan ɗalibai suke bi da ƙanana, da abin da ake ci a ɗakin abinci.

Amma kada mu ɗora wa makaranta kayan da Allah ya ɗora mana. Daniyel da abokansa uku makarantar gwamnati suka yi, ta sarkin Babila, shekara uku, a wurin da ba a san Allahnsu ba, har sunayensu aka sauya. Duk da haka suka fi kowa ilimi, ba su kuwa ƙazantar da kansu ba. Abin da ya riƙe su daga gida suka zo da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, wace za a zaɓa?

Ga shawarata. Domin ƙaramar sakandare, in makarantar ƙauyenku tana da malamin Turanci da na Lissafi waɗanda suke shiga aji, ku bar yaro a gida ya yi shekara ukun nan a gabanku. Yana ƙarami, yana bukatar tuwon uwarsa da addu'ar iyali da idon ubansa, kuɗin mota kuma ya zama na littattafai. In kuwa kun je sau biyu sau uku kun tarar babu malami a aji, kada kusanci ya ruɗe ku, araha ba ta ado.

Domin babbar sakandare kuwa, sai a bi baiwar yaro. Mai son aikin likita ko jinya ko injiniya tilas ya je inda malaman kimiyya da kayan gwaji suke, ko da zai yi nisa. Wanda hannunsa ya fi kaifi, a duba masa makarantar koyon sana'a, gama takardar NABTEB ma ana shiga babbar makaranta da ita, ga kuma sana'a a hannu. Tsohuwar makarantar kwana kuma, a auna ta da abin da take yi yau. Sunan da ta yi a zamanin kakanni ba zai shiga aji ya koyar da jikansu ba.

In kuɗi bai isa a kai yara biyu makaranta mai kyau ba, kada a yanke hukunci tun kafin a zauna cewa namiji ne zai tafi. Miji da mata su zauna, su duba littattafan yaran duka biyu, su yi addu'a, su nemi shawarar malamin da ya koyar da su. Allah bai raba basira bisa ga ɗa ko 'ya ba.

Abu na ƙarshe. In kowa ya kwashe ɗansa daga makarantar ƙauye, 'ya'yan gwauraye da marayu ne za a bari a ciki, su kuwa amanarmu ne. Kowace makarantar gwamnati ya kamata ta kasance da ƙungiyar iyaye da malamai, da kwamitin jama'a mai lura da makaranta. Dattawan ikkilisiya su shiga, su riƙa zuwa taro, su gayyaci maƙwabtanmu Musulmi a tafi tare wurin jami'in ilimi na shiyya a roƙi malamin Lissafi, a rubuce, a kuma yi ta komawa har a samu. Malamin da aka turo daga nesa, a nemo masa ɗaki mai kyau, a kai masa doya da kaka, domin kada ya nemi canjin wurin aiki. Malamanmu da suka yi ritaya, da 'ya'yanmu da suka gama jami'a suna jiran aiki, a buɗe musu ɗakin makarantar Lahadi ran Asabar su taimaki yara da karatu da lissafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kakanninmu da kansu suka ɗebo laka da ciyawa suka gina makarantun fari a ƙasar nan, ba su da ko rabin abin da muke da shi.

Ku kuma malamai masu bi da kuke cin albashin gwamnati, ku tuna akwai Mai duba aikinku wanda ba ya aiko da takarda kafin ya zo.

Ubangiji ya ba mu hikima cikin zaɓen nan, ya tsare 'ya'yanmu a fitarsu da shigarsu, ya sa su zama abin amfani ga ikkilisiya da ƙasa. Amin. A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu yi magana a kan yadda iyali za su tanadi kuɗin jarrabawa tun daga kaka. Ku huta lafiya.